An ce PLC ta gaji shi ya sa injin ya yi sanyi, to wane lokaci ne ma ya ƙaru?

Cikin hunturun da ya wuce wani Alhaji mai kamfanin ruwan gora a hanyar Bukuru ya kira ni da sassafe, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce "Injiniya don Allah ka zo ka duba mana, ƙwaƙwalwar injin nan ta gaji, akwai wanda ya zo jiya ya ce sai dai a yi odar sabuwa daga Legas." Injin da yake nufi shi ne mai jera gorori ya naɗe su da leda ya tura su cikin zafi, da can duk sakan 6 yake fitar da fak ɗaya, yanzu ya koma sakan 8 wani lokacin har da ɗoriya. Sakan 2 a baki kamar ba komai ba ne, amma a awa ɗaya fak 600 ne ya dawo 450, kuma dizal ɗin da janareta ke sha bai ragu ba, albashin yara bai ragu ba, motocin dilaloli na nan a bakin get suna jira. To dole hankalin mutum ya tashi.

Na ce masa ranka ya daɗe kar a tura ko sisi Legas tukuna, a bari in zo in auna. Maganar "PLC ta gaji", wato ƙwaƙwalwar injin da Alhaji ke nufi, na sha jinta a garin nan na Jos, tun daga masu ruwan leda har masu niƙa abincin kaji, kuma yawanci an bar jaki ne ana dukan taiki. PLC ba ta yin nauyi irin yadda wayar hannu ke yi in ta kwana biyu. Umarnin da take zartarwa cikin wani ɗan lokaci ranar da aka ciro ta daga kwali, cikin wannan lokacin dai take zartar da shi bayan shekara 20. Tana iya lalacewa, eh, tana iya mutuwa ɗungurungum, amma in ka ga jinkiri to ko an ƙara mata kaya ne, ko tana tsaye tana jiran wani abu da bai iso ba, ko kuma ita tana gudunta lafiya lau, injin ne ƙafarsa ta yi nauyi.

Ga wanda bai saba ba, PLC ita ce 'yar kwamfutar nan da ke cikin fanel, wayoyin sensa na shiga ta gefe guda, na kwantakta da bawul na fita ta ɗaya gefen. Asalinta daga Amurka ne, a 1968 kamfanin motoci na General Motors ya nemi abin da zai maye gurbin tulin rile da ke cika masa bango, Dick Morley da abokan aikinsa suka fito da Modicon 084, kuma tun daga lokacin salon aikinta bai canza ba, zagaye take yi. Ni in zan koya wa 'yan siwes, wato ɗaliban da ake turo mana koyon aiki, da mai shayi nake misali. Mai shayi zai ɗago kai ya dubi benci ya ji abin da kowa ke so, sai ya sunkuya ya haɗa, sai ya miƙa wa kowa nasa, ya ɗan karɓi kuɗi ya amsa waya, sannan ya sake ɗago kai. Haka PLC, ta karanta duk sensa a lokaci guda ta ajiye hotonsu, ta bi firogiram daga sama har ƙasa da wannan hoton, ta fitar da umarni zuwa bawul da moto, ta saurari sikirin da sauran na'urorin da ke mata magana, ta koma farko. Wannan zagaye ɗayan shi muke ce wa sikan, da milisakan ake auna shi, wato sakan ɗaya a raba shi gida 1,000. Kuma ka riƙe wannan: wanda ya zo ya zauna a benci ya tashi tun mai shayi na sunkuye, mai shayi bai ma san ya zo ba.

Inda ruɗanin yake shi ne lokuta uku ne daban-daban, amma in an kira ka a waya "ya yi sanyi" kawai za ka ji. Akwai lokacin sikan ɗin da na faɗa. Akwai lokacin amsa, daga sanda gora ta gifta gaban sensa zuwa sanda bawul ya buɗe, wannan ya haɗa da ɗan jinkirin ƙofar shigar sigina, da sikan ɗaya zuwa biyu, da tafiyar saƙo a kebul in sensar na can nesa, da motsin bawul ɗin kansa. Sai na uku, zagayen injin gaba ɗaya, sakan 6 ɗin Alhaji da ya zama 8. Na farko maganar milisakan ake, na uku maganar sakan ake, ratar ba kaɗan ba ce, don haka tambayar farko ita ce wanne ne a cikinsu ya ƙaru. Mutumin da ya ce a sayo sabuwa ko laftof bai jona ba, ofaretan ya ce min tsayawa kawai ya yi ya kalli fitilun.

Alhali aunawar ba ta da wuya, kowace PLC na riƙe da lissafin kanta. Ta kamfanin Siemens in ka shiga ta manhajar TIA Portal ko tsohon Simatic Manager akwai shafin da zai nuna maka lamba uku, sikan mafi gajarta, na yanzu, da mafi tsawo. Mitsubishi FX da ke cikin injinan kwatano da yawa, leƙa D8010 ka ga na yanzu, D8011 mafi gajarta, D8012 mafi tsawo, sai dai ka kula a can ɗaya na nufin kashi ɗaya cikin goma na milisakan, in ka ga 85 to milisakan 8.5 ke nan, na taɓa ganin yaron da ya firgita a kan wannan ya ɗauka komai ya ɓaci. Delta na ajiye nata a D1010 zuwa D1012. Allen-Bradley kuwa kowane ɓangaren aiki yana nuna sikan ɗinsa na ƙarshe da mafi tsawo.

Yadda lambobin ukun suka zauna da juna ya fi girman su magana. In duk suna kusa da juna amma suna sama, to firogiram ne ya yi nauyi a kowane zagaye, ko kuma wani ne ya ɗaure lokacin da gangan, don a Mitsubishi da M8039 da D8039 ana iya cewa kowane sikan sai ya cika milisakan kaza, Siemens ma na da wurin sa mafi ƙarancin lokacin zagaye, ka duba nan kafin ka fara tone-tone. In kuwa na yanzu na yawo a 10 amma mafi tsawo ya nuna 140, to akwai abin da ke faɗowa jefi-jefi, kuma shi ne mai ba da wuya. Abin da nake yi sai in share lambar in ja kujera in zauna ina kallo, in ta yi tsalle in tambaya me ya faru yanzu-yanzu. Ofareta ya buɗe shafin rahoto a sikirin? Kwamfuresa ta tashi? An koma kan jen? Ruwa ba ya tsami banza, kusan kullum akwai abin da tsallen ke tafiya tare da shi.

A cikin firogiram ɗin kansa babban mai cin lokaci shi ne luf, umarnin da ke cewa maimaita kaza sau kaza kafin ka wuce. Mutum zai ajiye tarihin samarwa layi 5,000 ya sa PLC ta bi su duka a kowane sikan don neman layi ɗaya, alhali sau ɗaya a shif ake buƙatarsa. Gyaran sa mai sauƙi ne, ko dai a ce sai an danna maɓalli za a yi binciken, ko a yanka shi, layi 100 a kowane zagaye, cikin zagaye 50 an gama ba wanda ya ji. Mafi muni shi ne luf ɗin da aka ce ya tsaya yana juyi har sai sensa kaza ta kunna, wanda ya taso daga rubuta manhajar kwamfuta ya fi faɗawa wannan ramin, ya manta hoton sensa ba ya canzawa sai sikan ya ƙare, shi kuma ya hana sikan ɗin ƙarewa, mai shayi ya sunkuya ya ce ba zai ɗago ba sai ya ga sabon baƙo. Sauran irin su jujjuya rubutu, kwafe manyan tarin data daga nan zuwa can, lissafi mai ɗigo a kan ƙananan tsofaffin PLC, duk suna ci, amma ba kamar luf ba.

Wanda aka fi mantawa da shi kuma shi ne katsalandan, wato 'yan firogiram ɗin da ke da ikon dakatar da babban zagaye su yi nasu aikin a kan lokaci. A S7-300, wata PLC ta Siemens, babban zagaye shi ne OB1, mai katsalandan da aka fi sani shi ne OB35 wanda daga kamfani duk milisakan 100 yake shigowa. Sai wani ya ga yana son PID ɗin zafi, wato lissafin da ke daidaita zafin tanda, ya yi saurin amsawa ya mayar da shi duk milisakan 10, bayan shekara wani ya zo ya ƙara lissafin ruwa a ciki, wani ya ƙara na nauyi, har aikin cikinsa ya kai milisakan 6. To yi lissafin da kanka, a kowane milisakan 10 an cinye 6 saura 4, OB1 da aikinsa na milisakan 8 ne yanzu sai ya ɗauki 20 kafin ya gama, kuma in ka buɗe OB1 ɗin ba za ka ga laifin komai ba domin ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin takaicin ma zafin tanda ba ya canzawa a milisakan 10, ƙarfe ne da hita, ko duk rabin sakan ka duba shi ya wadatar. A Allen-Bradley ma haka zancen yake, in aikin da aka tsara wa lokaci bai gama ba lokacinsa ya sake zagayowa, akwai lambar da ke ƙirga sau nawa hakan ta faru, in ba sifili ka gani ba to ka tsaya a wurin.

Sai surutu, ina nufin sadarwa. PLC na ware wani kaso na lokacinta don amsa sikirin da kwamfutar ofis da sauran masu tambaya. A S7-300 da S7-1200 kashi 20 cikin 100 aka sa daga kamfani, a S7-1500 kashi 50. In masu tambayar sun cinye kason nasu duka, firogiram ɗin milisakan 20 zai koma 25 a kan kashi 20, a kan kashi 50 kuwa ninkawa zai yi ya koma 40. Kuma me ake tambaya haka? Za ka tarar an sa sikirin yana neman jimillar gororin yau da awannin aikin moto duk milisakan 100, abin da ko duk sakan 2 aka sabunta ba wanda zai lura, sannan manaja ya sa an jona masa kwamfuta a ofis ita ma tana jan duk abin da sikirin ke ja. Kai kanka laftof ɗin da ka jona kana kallon firogiram kai tsaye yana ƙara ɗan nauyi, don haka ka rufe tagogin da ba ka buƙata kafin ka yarda da lambar da kake gani.

Akwai kuma wata al'ada da ke damuna sosai. A S7-300 in wani abu ya samu matsala, misali akwatin sensa na nesa ya ɓace daga layin Profibus, PLC na neman wani bulo na musamman ta kira, OB86 ga ɓacewar tasha, OB82 ga ƙorafin kati, OB122 in an nemi karanta abin da ba ya nan, in ba ta same su ba sai ta tsaya cak. To don kar inji ya riƙa tsayawa sai a loda mata waɗannan bulolin babu komai a cikinsu. Injin zai ci gaba da tafiya, gaskiya ne, amma cutar na nan, PLC na ta shiga tana fita cikin bulon kuskure ba adadi, sikan na tsalle, sigina na zuwa a makare, ba wanda ya sani. Buɗe littafin tarihin kurakuranta ka gani, in ka tarar da saƙo iri ɗaya ya cika shi daga sama har ƙasa to ajiye laftof ka ɗauko sukudireba, galibi kan kebul ne ya saki, ko an kashe makunnin rufe ƙarshen layi, ko an ja kebul ɗin sigina a kwata ɗaya da na inbata mai sarrafa gudun moto, ko wutar volt 24 na faɗuwa duk sanda bawuloli suka kunna tare, ko ɓera ya ɗanɗana kebul. Loda bulolin ba laifi ba ne, amma a sa ko ɗan ƙirge a ciki da fitila a sikirin don a san ana shiga.

Irin wannan rufa-rufar ake yi wa mai gadi. Kowace PLC na da agogon da ke gadin sikan, in zagaye ya wuce iyaka sai ya tsayar da komai. Siemens milisakan 150 ta sa, Mitsubishi FX 200, Allen-Bradley 500 ga kowane ɓangaren aiki. In ya fara tsayar da inji abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗaga iyakar, daga 150 a kai 500, jar fitila ta mutu kowa ya tafi gida. Wallahi wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Ma'anar abin da ka yi shi ne ka yarda PLC ta yi rabin sakan idonta a rufe, bel mai tafiyar rabin mita a sakan ya yi santimita 25 ba mai kallonsa, silinda na iya kai wa ƙarshe ya daki abin da bai kamata ba. Ana iya ɗagawa na ɗan lokaci don a samu damar bincike, amma a rubuta, kuma a dawo da shi.

In ka tabbatar sikan ne ya yi tsawo kana neman wane bulo ne, S7-1200 da S7-1500 na da umarnin RUNTIME da za ka sa kafin bulo da bayansa ya faɗa maka nawa ya ci. A tsofaffi kuma sai ka riƙa tsallake bulo ɗaya-ɗaya kana kallon lambar. Amma don Allah wannan sai inji na tsaye, an sauke iska, ba hannun kowa a ciki, kuma ka ɗauki bakof tukuna ka ajiye a wuri biyu. Injinan kwatano da yawa ba wanda ke da firogiram ɗinsu a duk ƙasar nan sai wanda ke cikin PLC ɗin.

To yaushe ne milisakan ke zama sakan har Alhaji ya gani a aljihunsa? Ta hanya biyu. Ta farko, yawancin injina mataki-mataki suke aiki, tura, jira sensa, ɗaga, jira sensa, yanke, kuma sau da yawa kowane mataki sai ya ci aƙalla sikan ɗaya kafin a wuce na gaba. Mataki 40 a sikan na milisakan 5 bai wuce sakan 0.2 ba, amma a sikan na milisakan 45 ya zama sakan 1.8 a kowane fak. Ka ga ashe sikan na iya jawo irin asarar nan, shi ya sa ban ce a waya ba ita ba ce, cewa na yi a auna. Ta biyu ita ce baƙon da ya tashi mai shayi na sunkuye. Bel na tafiyar rabin mita a sakan, tsakanin gora da gora santimita ɗaya, sensa za ta ga wannan ratar na milisakan 20 ne kacal, in sikan ɗinka 30 ne wani lokacin PLC za ta ga gora biyu a matsayin ɗaya, ƙirge ya ɓaci, fak ya fito da ƙari ko inji ya tsaya yana jiran cikon da ya riga ya wuce, ofareta kuma maganin da ya sani shi ne ya rage gudun bel. Ga kuma tacewar ƙofar shiga, S7-1200 na zuwa da milisakan 6.4 don kar ta ɗauki hayaniyar wuta a matsayin sigina. Irin wannan aikin ba na sikan ba ne tun farko, akwai ƙirge mai sauri da ke cikin PLC ɗin wanda ba ruwansa da zagaye, na S7-1200 na iya ƙirga har bugu 100,000 a sakan, a mayar da sensar can a huta.

Na Alhaji da na jona, sikan milisakan 11, mafi tsawo 14, tarihin kurakurai fes. Matakan injin ba su kai 30 ba. Ko ka ninka yadda ka ninka ba za ka samu sakan 2 a nan ba. Sai na ce wa ofaretan, Malam riƙe min wayar nan ka ɗauki bidiyon inji zagaye biyar kar ka motsa. Wannan dabara ce mai araha da nake so mutane su riƙe, bidiyon waya na hoto 30 a sakan kowane hoto kusan milisakan 33 ne, in ka bi shi a hankali za ka ga inda injin ke aiki da inda yake tsaye yana zuba ido. Muka ga wuri biyu. Bayan an jera gorori bel na ɗan yin shiru kafin ya ja, kuma shirun ba daidai yake ba, wani zagayen gajere wani dogo. Sannan silindan da ke sauko da wuƙar leda na saukowa kamar mai ciwon baya.

Shirun bel ɗin Modbus ne. Wannan yaren na maganar na'urori da juna tun 1979 Modicon ta fito da shi kuma har gobe shi ne a yawancin inbatocin da muke da su, waya biyu ta RS-485, PLC ta tambayi na ɗaya ta jira amsa, ta tambayi na biyu ta jira amsa, bi da bi. A gudun bit 9600 a sakan kowane harafi na cin milisakan ɗaya da ɗan ɗori, tambayar rajista ɗaya, wato gurbin lamba ɗaya a cikin inbata, da amsarta harafi 15 ne, in ka haɗa da shirun da dole a bari tsakanin saƙo da saƙo ka doshi milisakan 25. Wanda ya tambayi rajista 20 ɗaya bayan ɗaya ya kashe rabin sakan, alhali in a jere suke ya tambaye su a saƙo ɗaya harafi 53 ne, milisakan 70 ya ishe shi, kuma ƙa'idar ta yarda har rajista 125 a tambaya guda. Amma na Alhaji ba wannan ba ne ma. Inbata huɗu ne a layin, mai lamba uku ta ƙone watannin baya aka cire ta aka sa wa moton kwantakta kai tsaye, ba wanda ya gaya wa PLC, ita kuma duk zagayen tambaya sai ta kira lamba uku, ta jira milisakan 300, ta sake kira, ta sake kira, kusan sakan ɗaya ke nan tana sallama a gidan da ba kowa, shi kuma matakin jan bel an rubuta shi sai inbatar bel ta tabbatar ta shirya. In tambayar ta faɗo a daidai sai a wuce da wuri, in ta faɗo bayan lamba uku sai a jira. Lura fa, duk wannan bai taɓa sikan ba ko da milisakan ɗaya, sikan na gudunsa, saƙon ne ke zuwa a makare. Cire lamba uku daga jerin bai ɗauke ni minti goma ba.

Silinda kuwa iska ce. Geji a jikin injin na nuna ƙarfin iska bar 4.5, alhali 6 aka tsara masa. A nan akwai abin da mu mutanen Jos ya kamata mu sani wanda mai sayar da kwamfuresa a Legas ba lallai ya tuna ba, garin nan yana sama da teku da kimanin mita 1,200, iskar da kwamfuresa ke zuƙa a nan ta fi ta bakin teku rashin kauri da sama da kashi 10 cikin 100, don haka kwamfuresar da ta isa cif-cif a can, a nan da ma a kan gaɓa take. Sai ka haɗa da yoyon tiyo da ake jin shiii ɗinsa in an kashe inji, da filtar shiga da ƙurar hunturu ta toshe, da ruwan da ya taru a tanki don ba a zubarwa. Mun buɗe ƙasan tankin nan ruwan da ya fito sai da ya ba kowa mamaki. Kuma ƙarancin iskar ya haifi wata matsalar, da wuƙa ta fara makara leda ta riƙa fitowa ba ta manne ba, sai wani a aikin dare ya shiga sikirin ya ƙara tayimar manni daga rabin sakan zuwa sakan ɗaya, ledar ta gyaru, tayimar ta zauna a haka. Ban ga laifinsa ba, da abin da ke hannunsa ya yi maganin abin da ke gabansa, sai dai ba a rubuta a ko'ina ba. Kusan sakan ɗaya a Modbus, rabin sakan a tayima, sauran a jan ƙafar silinda, ga sakan 2 ɗin nan sun cika.

Wani abin da na duba ban samu a nan ba amma na sha samu a wasu wuraren shi ne jen. Moton da aka jona kai tsaye gudunsa na bin mitar wuta ne, mai fol huɗu a kan mitar Hz 50 yana dosar juyi 1,500 a minti, in jen ya ji kaya ya sauka 47 sai lissafin ya koma 1,410, duk bel da famfon da ba su da inbata sun rage gudu da kashi 6 cikin 100. In aka ce maka inji na sanyi da rana amma da dare in an kawo wuta garau yake, sa ma'aunin mitar wuta a kan jen kafin ka taɓa firogiram.

Ba wai ba a taɓa canza PLC ba ne. In firogiram ya girma da gaskiya, an ƙara layi an ƙara inji, ka rage abin ragewa sikan bai sauko inda aikin ke so ba, to a canza. Haka in tsufa ya sa kayan gyaranta na wuyar samu, S7-300 ma Siemens ta sanar tun 2023 tana janye ta daga kasuwa, mai irinta ya kamata ya fara shiri tun tana aiki. Amma ko a nan da lamba a hannu za ka je wa mai kamfani, ka ce ga abin da muke da shi ga abin da muke buƙata.

Kafin la'asar mun canza tiyo biyu, mun wanke filta, iska ta hau 6, na mayar da tayima rabin sakan muka gwada fak 20 leda ba ta buɗe ba, injin ya dawo sakan 6.2. Na ɗauki alƙalamin maka na rubuta a bayan ƙofar fanel, kwanan wata, sikan 11 da 14, iska 6, tayimar manni 0.5, fak sakan 6.2, na kuma bar wa manaja kwafin firogiram a filash. Alhaji ya tambaya ina sauran 0.2 ɗin, na ce ranka ya daɗe wannan sai an sa na'urar busar da iska an kuma canza robobin cikin silindan wuƙa, ya ce a bari sai bayan sallah. Zuwa lokacin ofaretan safe ne zai riƙa zubar da ruwan tanki kullum kafin ya kunna inji.